Ana Son Zinare Mai Tsabta, Amma Wa Zai Biya Kuɗin Wankinsa?

Manyan kamfanonin haƙar ma'adinai da ke aiki a Obuwasi da Tarkwa da Ahafo sun daɗe suna alkawarin kiyaye muhalli a duk tsawon hanyar da kayansu ke bi, tun daga inda aka sayo man dizal da nakiya da sinadarin sayanayid mai guba da ake tace zinare da shi, har zuwa hannun wanda ya sayi zinaren a ƙasar waje. Ina goyon bayan wannan manufa ɗari bisa ɗari. Damuwata ita ce, a Ghana an ɗora nauyin cika alkawarin a kan waɗanda suka fi kowa rauni, sannan ana mamakin yadda abin ya ƙi tafiya.

A fara da hanya. Ranar 20 ga Janairun 2022, wata mota ɗauke da nakiyar haƙar ma'adinai ta tarwatse a ƙauyen Apiyate kusa da Bogoso, ta hallaka mutane, ta mayar da gidaje kufai. Ba a cikin ramin haƙa abin ya faru ba, a kan titin da kowa ke bi ne. Haka kuma bokzait ɗin Awaso, wato ma'adinin da ake yin alminiyam da shi, ya shekara da shekaru ana jigilarsa a manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa ta Takoradi, saboda layin dogo na yamma ya lalace. Kamfani ba zai iya rage hayaƙin jigila ba muddin jirgin ƙasan da zai ɗauki kayan babu shi, kuma gyaran layin dogo aikin gwamnati ne.

Sai ƙananan 'yan kwangila. Dokar da aka yi a 2020 ta ƙarfafa tilasta wa kamfanoni su sayi wasu kayayyaki da ayyuka daga hannun 'yan ƙasa, kuma wannan daidai ne. To amma a dubi mai tirela ɗaya daga Aboabo, ko makanikin da ke gyaran injuna a Suwame Magazin nan Kumasi. Ana neman ya kawo takardar shaidar kiyaye muhalli, ya sauya tsohon injin mai hayaƙi, ya nuna inda yake kai baƙin mai, alhali kwangilar da aka ba shi ta ɗan gajeren lokaci ce, kuma ruwan bashin banki ya haura kashi 25 cikin ɗari a shekarun baya-bayan nan. Ƙarshenta ɗayan biyu ne: ko dai ya nemo takarda ta bayan fage ya ci gaba da zubar da man a kwata, ko kuma aikin ya koma hannun babban kamfani mai jari daga waje. Idan da gaske kamfanoni suke, su tsawaita kwangiloli, su kuma sa kuɗin tsabtar a cikin farashin aikin.

Inda maganar ta fi tsauri shi ne ƙananan masu haƙa, waɗanda ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na zinaren ƙasar nan. Tun 1989 doka ta halatta wannan sana'a ga mai lasisi, amma galamse, wato haƙar zinare ba bisa doka ba, ta cakuɗe da ita har ba a iya rarrabe su a kasuwa. Injin canfan yana tona ƙasan kogi, ana kama zinare da zaiba, a ƙona ta hayaƙin ya shiga ƙirjin mai aikin, sauran kuma ya bi ruwa. Ghana ta amince da yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba a 2017, a shekarar kuma aka dakatar da ƙananan haƙa aka tura sojoji, amma kogunan Pra da Ankobra da Birim ba su washe ba. A 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya bayyana cewa gurɓatar ruwan da ke shiga matatar Sekyere Hemang ta ninka abin da aka gina matatar ta iya tacewa har sau bakwai.

Mu mutanen zango ba 'yan kallo ba ne a nan, domin da yawa daga cikin samarin da ke cikin waɗannan ramuka 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, kuma ba son shaƙar guba ya kai su ba. Akwai injunan da ke tace zinare ba tare da zaiba ba, sai dai suna da tsada, kuma mai saye yana biyan kuɗi ɗaya ko da wace hanya aka samo shi. Da zarar an narka zinare, ba ya ɗauke da alamar kogin da aka ɓata dominsa, haka zai isa Dubai a sake tace shi ya fito kamar kowane. Wane saurayi ne zai ci bashi ya sayi inji domin tsabtar da ba za ta ƙara masa ko sidi ɗaya ba?

Shi ya sa nake ganin hukumar GoldBod, wadda aka kafa a 2025 aka ba ta ikon sayen zinaren ƙananan masu haƙa da fitar da shi waje, tana riƙe da damar da sojoji ba su taɓa samu ba. Mai saye guda ɗaya yana iya tambayar asalin kowane awo, ya rubuta ramin da ya fito, ya ƙara farashi ga wanda ya bar zaiba, ya kuma ba da injuna bashi a riƙa cirewa a hankali. Haɗarin shi ne buƙatar dala ta sa hukumar ta riƙa sayen duk abin da aka kawo mata ido rufe, ta zama ita ce ke wanke zinaren galamse da hatimin gwamnati. Mazauna Kumasi suna da dalilin sa ido a kan wannan fiye da kowa, domin madatsar ruwan Barekese da ke ba famfunanmu ruwa a kan kogin Ofin aka gina ta, kuma ƙasan wannan kogi, wajen Dunkwa, ya riga ya zama kamar kunu.