Tsokar da ba ta da rumbu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Allah (SWT) yana cewa a Suratuz Zariyat, aya ta 21, kuma a cikin kawunanku, shin ba kwa gani ne? To yau mu ɗan leƙa ƙirjinmu.

Zuciyar nan tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana ɗaya, kana barci tana aiki, kana sujada tana aiki, amma wallahi ba ta da rumbu. Ɗan sinadarin kuzarin da take ajiyewa, wanda likitoci ke kira ATP, da za a daina sabunta shi ko minti ɗaya ba zai kai ba. Wato arzikinta na kowane bugu a lokacin ake ba ta shi, mu kuma muna nan hankali a tashe kan abincin baɗi.

Kuma ka san me take ƙonawa? Galibi maiƙo ne, fiye da rabin kuzarinta daga nan yake fitowa. Jariri a ciki zuciyarsa ta fi dogara da sukari, sai an haife shi ya kama nono sannan ta koma maiƙo, wa ya koya mata? Subhanallah.

Sai dai maiƙo mai ne mai tsada, yana cin iskar oksijin fiye da sukari da kamar kashi 10 cikin 100 kafin ya ba da kuzari daidai da shi. Kuma idan ya yi yawa a jini sai ya danne ƙona sukari, wani masani a Ingila, Philip Randle, shi da abokan aikinsa suka bayyana haka a 1963, kuma abin ya fi tsananta ga masu ciwon suga da masu teɓa. Gashi zuciya ko kana zaune ta riga ta zuƙe kusan kashi 70 na iskar da ke cikin jinin da ke ciyar da tsokarta, to in tana buƙatar ƙari dole sai jini ya ƙaru, ina ga wanda jijiyoyinsa suka fara toshewa?

Ni ma fa ina son tsire da ƙuli, ba haramtawa nake ba. Amma Annabi (SAW) ya ce kashi ɗaya na abinci, ɗaya na sha, ɗaya na numfashi. Mu kam duka ukun muke cikawa da tuwo da miya mai iyo da manja, sannan ko masallacin bayan layi sai da mashin.

Baba ko Hajiya da ke jin ƙirji na matsewa in sun hau bene ko sun yi sauri, don Allah kar a ce olsa ce a sha kanwa, a kai su asibiti a duba.