Asarar Gwamnati Ba Ta Da Mai Ita

A kasuwar Mile 12 da ke Legas, idan motar tumatir ta taso daga Kano ta makara a hanya, dillali ba ya barci. Tun tana Jebba yake kan waya da direba, yana lissafin kwando nawa zai zubar. Kuɗin mota, kuɗin 'yan dako, kuɗin sauke kaya, babu sisin da ke fita bai rubuta ba. Ba don ya fi kowa tsoron Allah ba ne. Idan kayan suka ruɓe, uwar kuɗinsa ce ta tafi, ga kuma mai gona a gida yana jiran cikonsa.

To, ku biya ta Ikoyi ku dubi tsohuwar sakatariyar gwamnatin tarayya. Tun da aka mayar da babban birni Abuja a 1991 ginin ya fara mutuwa. An yi yunƙurin mayar da shi gidajen zama, maganar ta maƙale a rikici da shari'a, yana nan tsaye kango a unguwar da fili ya fi tsada a ƙasar nan. Wallahi da na wani Alhaji ne a Agege, ko wata uku ba zai yi babu 'yan haya ba. Haka filin wasa na Surulere, inda Najeriya ta ɗaga kofin Afirka a 1980, aka bar shi shekara da shekaru yana lalacewa. Wa aka kora a kan waɗannan? Albashin wa aka taɓa?

Wanda ya fi ci mini rai shi ne matatun mai. Gwamnati na da guda huɗu, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, waɗanda aka gina don su tace ganga 445,000 a rana. A 2021 aka amince da dala biliyan 1.5 don gyaran ta Fatakwal kaɗai. An ce ta tashi a ƙarshen 2024, ba ta shekara ba aka sake rufe ta. A nan Lekki kuwa Ɗangote ya gina mai ganga 650,000, tana fitar da fetur. Shi bashin banki ne a wuyansa, duk ranar da injin ya tsaya ya san abin da ya rasa. Su kuwa ma'aikatan na gwamnati, matatar ta yi aiki ko kada ta yi, ƙarshen wata kowa zai ji alat.

Tsarin ne ma yake hukunta mai tattali. Ma'aikatar da ta rage kuɗi a bana, ana iya yanke mata kasafi baɗi, a ce ashe ba ta buƙata. Shi ya sa shekara na zuwa ƙarshe za ka ga bita a otal, sabbin kujeru, sabbin motoci. Sayen sabo akwai kwangila, akwai kaso, akwai hoto ranar yanka kyalle. Canza man janareto ko toshe rufin da ke yoyo babu mai ɗaukar hotonsa, sai a bari har ya mutu a sayo wani. Akwai dokar sayen kayan gwamnati tun 2007, amma doka ba ta sa mutum ya ji zafin kuɗin da bai sha rana ya nema ba.

Ba ina cewa a riƙe asibiti kamar shago ba ne, ba don riba aka gina shi ba. Kuma tsimin 'yan kasuwa ma wani lokaci zalunci ne. 'Yan'uwanmu nawa ke gadi a Legas dare da rana a kan abin da bai kai naira 70,000 ta mafi ƙarancin albashi ba?

Mu ma da namu laifin. Ɗan'uwa ya samu muƙami, addu'armu ita ce Allah ya sa ya samu rabonsa. An bar famfo yana zuba a makaranta, sai mu ce ai na gwamnati ne. Alhali duk katin wayar da ka saya an cire maka harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari, ban da tikitin da ake yankar maka kullum a bakin kasuwa.

Abin da nake so kaɗan ne. Kowane aiki a kafa allo mai ɗauke da kuɗinsa, ranar gamawa, kuɗin kula da shi, da sunan jami'in da ya sa hannu. Idan aikin ya mutu, a kira wannan mutumin da sunansa ya yi bayani kafin a ƙara masa girma ko a biya shi giratuti.