Bizar ziyarar Ingila: ta wata shida ko ta shekara goma?

Duk wanda zai nemi bizar ziyara ta Ingila a karon farko, shawarata ya nemi ta wata shida. Na san wannan magana ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman masu shagunan cike fom da ke zuga mutane su nemi ta shekara biyar ko goma. Amma bari in faɗi dalilaina, wanda yake da ja ya kawo nasa.

Bizar shekara goma ba ta ba ka zaman shekara goma. Ko na shekara ɗaya ba ta ba ka. Ta shekara biyu ce a hannunka, ko ta biyar, ko ta goma, duk shigar da ka yi iyakarka wata shida, daidai da wanda ya biya kuɗin ƙaramar. Ba za ka kama aiki ba, ba za ka ci tallafin gwamnati ba, kuma ba za ka zauna a can ka juya ta zuwa bizar aiki ba, sai ka dawo gida ka nema daga nan. Abin da ƙarin kuɗinka ya saya maka shi ne an hutar da kai sake cike fom da sake zuwa ɗaukar yatsu duk sanda tafiya ta taso.

To nawa ne farashin wannan hutun? A kuɗin da aka tsayar a watan Afrilun 2025, ta wata shida fam 127 ce, ta shekara biyu fam 475, ta shekara biyar fam 848, ta shekara goma fam 1,059. A lokacin fam ɗaya yana wajen naira dubu biyu, wato babbar ta haura naira miliyan biyu. Suna yawan ƙara kuɗin, don haka a duba sabon farashi kafin a biya, amma tazarar da ke tsakaninsu ita nake so a lura da ita.

Mai zuwa sau ɗaya a shekara, a ce lokacin dogon hutun yara, in yana neman ƙaramar duk shekara, fam 254 zai kashe a shekara biyu, alhali ta shekara biyu ana ce masa 475. A shekara biyar zai kashe 635, ta shekara biyar kuwa 848. Sai an kai ga ta shekara goma kafin lissafin ya juya: 1,270 in ana bi ɗaya bayan ɗaya, 1,059 in an biya a dunƙule. Kuma ita ƙaramar galibi ana shiga da ita fiye da sau ɗaya. Kana iya zuwa a Agusta ka dawo, ka sake komawa a Disamba, duk da biza guda.

Wani zai ce to ai ta shekara goma ta fi araha, me ya sa ba za a nema kai tsaye ba? A nan ne ejan, wato mai shagon cike fom, ba ya ƙarasa maka bayani. In aka hana ka, ba a mayar maka da ko sisi. In kuma jami'in ya ga dama ya ba ka ta wata shida maimakon ta goman da ka nema, to ita za ka karɓa, kuma ba a mayar da cikon. Ka biya kuɗin sa an ba ka tunkiya, babu kuma inda za ka kai ƙara, don bizar ziyara in an hana ta galibi ba a ɗaukaka ƙara, sai dai ka sake nema da sabon kuɗi.

Ka sa kanka a kujerar mai duba takardun nan. Bai san ka ba, bai san gidanku ba, bai san ana girmama mahaifinka a unguwa ba. Takarda kawai yake gani. Ga fasfo sabo fil, ko tambarin Kwatano babu a ciki, mai shi kuma yana neman a buɗe masa ƙofa har shekara goma. Tambayar da yake yi wa kowa ita ce: wannan zai koma gida kuwa? Mai neman doguwar biza kuma sai an ƙara masa ta biyu: wane dalili ne zai riƙa kawo shi a kai a kai? Wanda ya taɓa zuwa, ya ce sati uku zai yi, ya yi sati ukun ya fita, fasfonsa ya riga ya amsa masa rabin tambayar. Ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai irin su Faransa da Jamus da ake shiga da biza guda, su ma sun mayar da abin tsani a rubuce. Sai ka yi amfani da biza uku yadda ya dace cikin shekara biyu a ba ka ta shekara ɗaya, daga nan ta biyu, daga nan ta biyar, kuma duk da haka zamanka ba zai wuce kwana 90 a cikin kowane 180 ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne iyayenmu mata. Mu ɗauki misalin da kusan kowa ya san irinsa. 'Ya ta haihu a Manchesta, mijinta yana asibiti aiki dare da rana, babu mai dafa mata ruwan wanka. Aka nema wa mahaifiyarta Hajiya biza ta shekara biyar, Allah ya taimaka ta fito. Ta ɗaure kayanta, garin kunun kanwa, yajin jego, kuka da daddawa (kilishin dai a bar shi a gida, ba a shiga musu da nama). A fom an rubuta sati shida. Da aka yi arba'in sai 'yar ta ce, "Mama, don Allah ki ƙara ko wata ɗaya ne, kin ga zan koma makaranta." Zaman sati shida ya zama na wata biyar da rabi. Hajiya ta dawo Kano ta yi wata guda, ta gaisa da dangi, aka sake yankar mata tikiti.

A filin jirgi wannan karon jami'in shige da fice bai yi saurin miƙo fasfon ba. Ya kalli kwamfutarsa, ya kalle ta, ya tambayi wa ke kula da jaririn in iyayen sun fita, ya tambayi yaushe za ta koma, sannan ya tambayi ina ne ainihin gidanta. Yana da ikon hana ta shiga, yana da ikon soke bizar a nan take, ko da saura shekara huɗu a jikinta. Dokarsu ta hana mutum ya mayar da ƙasar mazauninsa ta hanyar ziyara bayan ziyara, kuma reno na kullum, in ya zama kamar aikin da da sai an biya wata ta yi, suna iya ɗaukarsa aiki. Maganar da ake yaɗawa cewa in ka fita ka kwana biyu wata shidanka ya dawo sabo, kowa ya daina jin ta. Babu wani adadin kwanaki da aka rubuta cewa in ba ka wuce shi ba ka tsira. Tsarin zirga-zirgarka gaba ɗaya suke dubawa. A ganina doguwar biza ita ke jawo wannan sakacin, don da ta wata shida ce da dole a tsaya a sake nema, a sake tunani.

Ga kuma batun asibiti, tunda dattawa ake magana. Baƙo ba ya cikin masu jinya kyauta. In aka kwantar da shi a Ingila, ana cajinsa kuɗin jinyar da ƙarin rabinsa, kuma bashin fam 500 ko fiye in ba a biya ba yana iya hana shi biza nan gaba. Tsawon bizarka bai rage maka komai a nan ba. A sayi inshorar tafiya.

Ban ce doguwar ba ta da amfani ba. Ɗan kasuwar da ke zuwa sau uku a shekara, ko uban da 'ya'yansa ke karatu a can, wanda ya je ya dawo, ya je ya dawo, shi kam asara yake yi in ya tsaya a ƙaramar. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri ya san kuɗin biza ba shi kaɗai ba ne kuɗi: ga tafiya wurin ɗaukar yatsu, ga masauki, ga jiran wajen sati uku kafin a ji sakamako. In rasuwa ko rashin lafiya ta taso, mai biza a hannu tikiti kawai zai nema. Sannan dokokin ƙasashen nan ba su da tabbas. A watan Maris na 2023 Amurka ta ƙara wa'adin bizar ziyarar 'yan Najeriya daga shekara biyu zuwa biyar, sai ga shi a Yulin 2025 ta zaftare ta zuwa wata uku, shiga ɗaya. Waɗanda suka riga suka karɓi tasu kafin sanarwar ba a rage musu wa'adi ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, na yarda da ita, amma hujja ce ga wanda tarihin tafiyarsa zai sa a ba shi. Ko shi ɗin ma zan ce ya fara da ta shekara biyu.

Masu nema wa yara kuma su lura: yaron da bai kai shekara 18 ba, doguwar bizarsa tana mutuwa wata shida bayan ya cika 18, ko ta shekara nawa aka biya. Ɗan shekara 16 in ka biya masa ta shekara goma, ko uku ba zai ci ba, kuma ba a mayar da canji.

Shi kuwa ejan da ya ce maka ka nemi ta goma, zai zuba maka kuɗin aro a asusu na kwana biyu don takardar banki ta yi nauyi, ka tambaye shi sunan wa ke kan fom ɗin. Kuɗin da ya faɗo asusu dare ɗaya babu bayanin inda ya fito yana cikin abubuwan da suka fi sa a hana mutum. In kuma aka kama takardar bogi, hukuncin yana kaiwa haramcin shekara goma, kuma a kan fasfonka zai hau, shi yana shagonsa yana cike wa wani.