Manhaja Ba Ta Ƙarewa Ranar Yanke Ƙyalle

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafin sabuntawa da tsaro da yake bai wa Windows 10, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, amma a nan Zariya ko a jikinmu. Zagaya ofisoshi da shagunan buga takardu daga Samaru zuwa Kongo, za ka tarar da ita tana aiki, har ma da Windows 7 da aka sallama tun 2020. A cikinsu ake tara sunayen ɗalibai, lambar NIN da bayanan banki.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne tunanin manyan da ke sa hannu a kan kuɗi. A wurinsu tsarin sarrafa bayanai kwangila ce: a sayo kwamfutoci, a gayyato 'yan jarida, a yanke ƙyalle, a ce an zamanantar. Daga nan kasafi ya rufe. Alhali ko gidan ƙasa a cikin birni sai an yi masa yaɓe kafin damina. Manhaja tana tsufa, ɓarayin intanet suna sake dabara, doka ma tana canzawa; ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su. Ma'aikacin da aka koya wa aikin kuma a yi masa canjin wuri, ya tafi da lambar sirri a kansa.

Wanda yake ganin wasa ne ya tuna jarrabawar JAMB ta 2025. Hukumar da ta koma kwamfuta kacokan tun 2015 ita ce ta fito ta amsa cewa matsalar na'ura ta taɓa ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas, sai da aka sake musu jarrabawa. To ina ga ofishin da bai da injiniya ko ɗaya?

Masu cewa a koma fayil da biro kuwa, su fara tambayar wanda gara ta cinye wa takardun fansho.

Ga Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli suna yaye masana kwamfuta duk shekara, da yawansu suna zaune a rumfar POS. A ɗauke su aiki, a ware kuɗin kulawa da na horo a kowane kasafi, kuma kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai ya rubuta wanda zai riƙa sabunta abin da ya kawo.