Kafin a haƙa ramin katanga, a kira safiyo

Yawancin rigimar iyaka tsakanin maƙwabta ba da mugunta take farawa ba. Mai sayarwa ya miƙa hannu ya ce daga bishiyar nan zuwa dutsen can, mai saye ya gyaɗa kai, magini ya ja igiya ya fara haƙa. Sai an ɗebi shekaru, maƙwabci ya tashi gini ko magada sun zo rabo, sannan a tarar katanga ta ci filin wani. Shi ya sa nake ganin duk mai shirin sayen fili ko gida, ko jan katanga, ya ɗauki safiyo, wato mai awon ƙasa, mai lasisi, da kuɗin aljihunsa, tun kafin kuɗin filin su bar hannunsa. Awon da mai sayarwa ya kawo abin dubawa ne, amma ba a kansa za a dogara ba.

Mutane na raina ƙaramin kuskure. Ɗauki fili mai faɗin mita 15 da tsawon mita 30. Idan katangar gefe ta zame da santimita 30 kacal, an ci murabba'in mita 9, girman ƙaramin ɗaki guda. Kuma a wannan siririn layin ne ake dasa ginshiƙi, a haƙa masai, a binne bututun ruwa. Ranar da aka ce a janye, da su duka za a janye.

Wani zai ce ai wayarsa na da GPS. Tana da shi, amma ko a fili fetal takan kauce da kusan mita 5, balle a tsakanin dogayen gine-gine. Na'urar safiyo kuwa tana karɓar gyara daga wata tasha da aka san matsayinta, har kuskuren ya dawo 'yan santimita, ko kuma safiyon ya kafa na'ura mai ƙafa uku ya auna kusurwa da nisa daga tabbatacciyar alama.

Duk da haka, ba na'urar ce ta fi burge ni a wannan aiki ba. Safiyon kirki a ofishin rajistar filaye yake farawa. Zai karanta takardar mallaka, ya nemo tsohuwar taswira da ta maƙwabta, sannan ya fito ya durƙusa yana tonon ƙasa, yana neman sandar ƙarfe ko dunƙulen simintin da aka binne a kusurwa tun awon farko. Aikinsa ya gano iyakar da aka riga aka shata, ya bi sawun wanda ya riga shi. Wannan na buƙatar ilimi, domin arewar da kamfas ke nunawa tana gusawa da shekaru, kuma lambobin tsohuwar taswira, idan aka zuba su kai tsaye a WGS84, wato tsarin lambobin wuri da GPS ke amfani da shi, suna iya jefa mutum fiye da mita 100 daga filinsa. A kotunan ƙasashe da yawa, alamar asali da ba a taɓa motsawa ba ta fi lambar da ke takarda ƙarfi.

Saboda haka safiyon da ka biya ba lauyanka ba ne. Yana iya faɗa maka abin da ba ka so, kuma darajar takardarsa ke nan. Wanda ya tambaye ka inda kake so ya kafa alamar, sallame shi.

Kafin a fara, a tabbatar da lasisinsa a hukumar da ke rajistar masu awon ƙasa. A rubuta abin da zai yi: zai kafa alamomi a kusurwoyi, zai ba da taswira mai sa hannu da hatimi, zai nuna hanyar wayar lantarki ko magudanar ruwa da ta ratsa filin, da duk ginin da ya ƙetare iyaka. Ranar awo ka je da kanka, ka gayyaci maƙwabci. Wasu na jin nauyin haka, suna tsoron kada a ɗauka zargi ne, alhali mutumin da aka kafa alama a gaban idonsa da wuya ya musanta ta gobe.

Gaskiya ne aikin na cin kuɗi, a daidai lokacin da mai gini ke ƙirga kowane buhun siminti. Amma a auna shi da rushe katanga da zaryar kotu. Jinkiri ma na da nasa haɗarin, domin a dokar ƙasashe da dama, wanda ya daɗe yana amfani da yankin fili ba a yi masa magana ba yana iya mallake shi.

Awo ba ya tabbatar da cewa mai sayarwa shi ne mai filin. Wannan aikin lauya ne da ofishin rajista. Idan kuma awon ya nuna an shigo maka, kada ka ɗauki guduma. Ku zauna da taswirar a gabanku, ko a janye katangar, ko a sayar da yankin da aka ci, a rubuta, a kai rajista, yadda wanda zai saya ko ya gada bayanku zai tarar da takarda da katanga sun yi daidai.