Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa a Ƙasar Shinkafa

Jiya na fita awo da naira dubu goma a aljihu, na dawo gida da ledar da ɗan shekara shida ya karɓa a ƙofa da hannu ɗaya ya shige da ita da gudu. Uwargida ta zazzage kayan a faifai, ta dube su, ta dube ni, ba ta ce komai ba. Wallahi da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ni tela ne a nan Birnin Kebbi, shekarata ashirin da 'yan kai ina taka keke. Mu bakwai ne a gida, har da tsohuwa. A da, idan na yi ɗinkin sallah sai in sayi buhun gero da rabin buhun shinkafa in jingine a ɗaki, in manta da zancen hatsi har wata uku, abin da ya rage mini cefanen miya ne kawai. Daga buhu muka sauko kwano, daga kwano muka sauko mudu, yanzu ga ni da furfurata ina tsaye gaban mai awo ina cewa a auna mini gwangwani huɗu. Ni da nake ganin masu sayen gwangwani ina tausaya musu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lokacin. Kaka ake yi. Tun muna yara mun san idan sabon hatsi ya shigo kasuwa farashi yana karyewa, talaka ya samu ya numfasa kafin bazara. Bana sabon gero ya shigo, sabuwar masara ta shigo, abin da aka rage a kan mudu bai kai kuɗin kabu-kabun da ya kai ni kasuwa ba. Wake kuwa ban ma taya ba, na ji ana faɗa wa wata baiwar Allah kuɗinsa na yi gaba abina. Manja ana zuba shi a kwalba kamar turare. Albasa fa? Albasar da ake nomawa a nan Aliero, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, wadda a da mai kayan miya ke jefa maka biyu a matsayin gyara, ita ce yanzu ake kasa ƙwaya uku ƙanana a faɗi kuɗin da sai ka sake tambaya ko kunnenka ne bai ji daidai ba. Gyara ma ta mutu. Ka ce a yi maka gyara a dube ka kamar ka zagi mutum.

Na tsaya wurin mai awon da muka shekara goma muna ciniki. Na ce, "Haba Alhaji, ko makon jiya ba haka na saya ba." Ya ce, "Wallahi Tela ba mu muka sa ba, haka muka ishe ta. Ka tahi Jega ka gani da idonka. Mi za mu yi?" Na ce to yaushe za ta sauko? Ya yi dariya ya ci gaba da kora ƙudaje.

Ban ce ƙarya yake yi ba. Na san abin da ya faru, kowa ya sani. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya tsaya a wurin rantsuwa ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, zuwa Oktoban 2024 ta tsallake 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ake lissafi a kan ɗari huɗu da wani abu a banki ta je ta wuce 1,500. Direban da zai ɗauko buhu daga Bena ko Zuru ba da ruwan rijiya motarsa ke tafiya ba. Ga shingaye a hanya, kowane shinge da hannun da ake miƙowa, kuma duk abin da direba ya ajiye a nan a kan buhu zai ɗora shi. Duk wannan na yarda.

Amma a gaya mini, wane dalili ne bai taɓa zama dalilin ƙarin kuɗi ba? Da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 aka rufe iyaka, sai aka ce mana wake da dabbobi sun daina shigowa ta Kamba, dole kaya su tashi. Muka ce to. Aka buɗe iyaka a Maris ɗin 2024, sai aka ce ai yanzu masu sefa ne ke shigowa suna kwashe hatsi, saboda kuɗinsu ya fi namu ƙarfi, dole kaya su tashi. A rufe, tsada. A buɗe, tsada. Dala ta hau, a ƙara. Dala ta ɗan sauko, a ce ai tsohon kaya ne da aka saro da tsada, sai ya ƙare. Kuma wannan tsohon kayan ba ya ƙarewa. Amma ranar da aka ji a rediyo an ƙara kuɗin mai da safe, kafin azahar buhun da ya kwana wata biyu a rumfa ya zama sabon kaya. Kuka da kuɓewa busasshiya ma wai dala ta taɓa su. Bishiyar kukar da kakanninmu suka tarar a bayan gari, yaushe ta fara cin dala?

Sannan ga mudun kansa. Wannan ba wanda zai ce mini dala ce. Ka ɗauki mudun wasu ka juya shi ka ga gindin an bubbuge shi ya shige ciki. A da ana cika mudu har ya yi tozo, a tare da hannu a juye maka. Yanzu a shafe bakin da tafin hannu kamar ana aske. Ka zo gida ka auna da naka ka ga ya yi ƙasa da yatsa biyu. Shinkafa kuma sai an zauna tsintar tsakuwa kamar da gangan aka zuba don ta yi nauyi. Mutum ya fito daga sahun gaba a masallaci, ya san sarai abin da Alƙur'ani ya ce a kan masu tauye mudu, sura guda aka saukar da sunansu, amma ya zauna ya yi. Ba duka ba ne, akwai masu tsoron Allah, na san su. Sai dai masu yi ɗin ba su da mai hana su. Shugabannin kasuwa suna nan, masu karɓar haraji kuwa ba su taɓa makara ba, kullum da rasit a hannu. Ban taɓa ganin ranar da wani ya zo ya ce a kawo mudu a gwada ba.

Zancen shinkafa shi ne ke sa ni in rasa barci. Mu ne fa Kebbi. A nan Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015. Da shinkafarmu aka yi shinkafar haɗin gwiwa da Legas mai suna Lake Rice a 2016, 'yan Ikko suna layi suna saye da rahusa. Aka tara dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022, aka yi ta ɗaukar hoto. Ga manyan injinan casa a Argungu da Birnin Kebbi. Ka bi fadama daga Augie zuwa Argungu, ka gangaro Bunza da Suru har Yauri, iya ganinka shinkafa ce, damina da rani. Tireloli na fita da ita dare da rana, muna tsaye bakin titi muna shaƙar ƙurarsu. Buhu mai kilo 50 da bai kai dubu 40 ba kafin a cire tallafi, a 2024 ya haura dubu 80. 'Yar gwamnati dama mun daɗe da sallama ta. 'Yar Hausar da matanmu ke turarawa su shanya a tabarma, wadda a da ake ganin ta marasa hali ce, ita ma ta fi ƙarfinmu. A gidana shinkafa ta koma abincin Juma'a, wata Juma'ar ma sai dai a ba yara haƙuri.

Kuma kada wani ya ce mini manomi ne ke cin riba. Ƙanina yana noman rani a fadamar Argungu, na san lissafinsa kamar tafin hannuna. Injin ban ruwa fetur yake sha, kuma shinkafar rani ba ta san an cire tallafi ba, ranar da ta so ruwa sai an ba ta. Taki ya ninka, maganin ciyawa ya ninka, 'yan ƙwadago su ma ciki gare su. Ba shi da jarin wannan duka, sai ya karɓi bashi wurin mai kuɗi a kan zai biya da buhu idan an girbe. Ranar da aka sheƙe, tun shinkafa na masussuka masu bashi ke tsaye da buhunansu da motarsu, a farashin da aka yanka tun kafin a shuka. Abin da ya rage masa bai kai shi damina ba. Wata huɗu bayan nan shi ma yana kasuwa yana awon shinkafar da wataƙila daga gonarsa ta fito, a kan ninkin abin da ya sayar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shekarar da ruwa ya zo kuma, kamar ambaliyar 2020 da ta shafe fadama, shi kaɗai ke kwana da bashin.

To ina shinkafar take tsakanin kaka da bazara? Tana cikin sito, an rufe da kwaɗo. Duk garin nan an san haka. Masu kuɗi sun gano ajiye hatsi ya fi ajiye naira a banki, har waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba sun zama 'yan hatsi. Su saye da arha lokacin da manomi ke cikin matsi, su kulle, su zauna suna jiran ranar da ni da irina za mu zo muna roƙo. Wai kasuwanci. Riba halal ce, ban musa ba, ni ma don riba nake ɗinki. Amma ka zauna kana addu'ar yunwa ta tsananta don kayanka su yi daraja, wannan sunansa daban.

Can kudancin jiha kuma, Danko-Wasagu da Sakaba da kewayen Zuru, inda dawa da masara ke fitowa, mutane nawa ne suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga? Maƙwabtanmu na Zamfara wasu sai sun biya kafin su shuka, su sake biya kafin su girbe. Sai kuma ga 'yan bindigar Lakurawa ta arewa, kowa ya ji harin da suka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Gonar da ba a noma ba, a mudu na take bayyana.

An ce an ƙara albashi. Gwamnatin tarayya ta sa mafi ƙanƙanta dubu 70 a Yulin 2024, ta Kebbi ta ce dubu 75. Ina taya ma'aikata murna, har ga Allah. Amma kasuwa ta ji labarin kafin su ji ƙarar shigar kuɗin a waya, ta riga ta cinye. Kuma ko da an biya cif, a 2024 ɗin mafi ƙanƙantar albashin wata guda bai sayi buhun shinkafa ɗaya ba. Mu da ba mu da albashi fa? Tela, makaniki, ɗan kabu-kabu, mai wankin hula, wa ya ƙara mana? Ni nawa ma raguwa ya yi, don wanda bai ci ba ba ya ɗinka sabuwar riga. Yanzu aikin da ake kawo mini faci ne da rage wuyan wando. Eh, rage wando. Magidanta na kawo wandunansu a matse musu ƙugu, muna yi muna wasa da dariya, amma kowa ya san abin da ya sa.

A Yulin 2023 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci. A Yulin 2024 aka ce an ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafa na kwana 150. Hukumar ƙididdiga da kanta ta ce a Yunin 2024 tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. Wato sun sani. Matasa suka fito zanga-zanga a watan Agusta, aka ce a koma gida a yi haƙuri. Tallafin da ake ta shela kuwa, a unguwarmu an kawo 'yan buhuna aka tara mutane tun hantsi cikin rana, ƙarshe gida huɗu suka raba abin da bai isa tukunya biyu ba, masu rabo kuma suka tafi da ragowar a bayan mota. Ban je ba. Maƙwabcina da ya je ya dawo da yagaggiyar riga, ni na ɗinke masa, kyauta.

Haƙuri, haƙuri. Liman ya ce haƙuri, mai mulki ya ce haƙuri, mai awo ya ce haƙuri. Mun yi. Abincin rana mun daɗe da soke shi, sai kunu ko ɗan rogo. Nama sai in an yi suna a maƙwabta. Kifi, a jihar da duniya ke zuwa kallon kamun kifin Argungu, sai dai ƙanshinsa idan ka ratsa layin masu suya. Ni babba zan iya ɗaure ciki in sha ruwa in kwanta. Yaron da ya farka tsakar dare yana cewa Baba yunwa, da wane baki zan karanta masa farashin dala? Tsohuwa ta fara cewa ta ƙoshi tun kafin ta sa hannu a kwano, don jikoki su samu. Ina gani, ina yin kamar ban gani ba.

Da safen nan uwargida ta jiƙa geron jiya, ta ba yarinya kuɗin niƙa kamar kullum. Ba a jima ba sai ga ta ta dawo da roba a ka, geron yana nan yadda yake. Wai mai inji ya ce a cika naira ɗari, an ƙara tun shekaranjiya.