Yaron da ya faɗi a fili, kada a ce rana ce kawai

Da an gama kaka a ƙauyukan Ringim da Gumel sai filaye su cika, ƙwallo da yamma, dambe da kokawa ranar kasuwa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke yi idan yaro ya yanke jiki ya faɗi ana tsaka da wasa. A kwara masa ruwa, a yi masa fifita da hula, wani ya ce rana ce ta buge shi, washegari ya dawo fili.

Alhali wataƙila zuciyarsa ce. Zuciya tsoka ce, aiki yana sauya ta. Ɗan tsakiyar da ke gudu minti casa'in, ɗakin zuciyarsa na hagu yakan faɗaɗa har ya riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Shi ya sa idan yana hutawa bugunsa kan sauka ƙasa da 50 a minti, alhali na yawancin mutane tsakanin 60 da 100 yake. Wannan lafiya ce. Matsalar ita ce akwai cutar gado da ke kaurara bangon zuciya, kuma a ido ba ka bambanta ta da kaurin da wasa ke kawowa.

Mudun awon ma ba ɗaya ba ne. Mace duk tsananin atisayenta, da wuya bangon zuciyarta ya wuce milimita 12, don haka kaurin da za a ɗora wa wasa a jikin namiji, a jikinta abin bincike ne. Mutuwar farat ɗaya a ƙasa da shekara 35 galibi daga cutar gado take zuwa, a sama da haka kuma daga toshewar jijiyoyin jinin zuciya. Magidancin da ya shiga fili ranar Sallah bayan shekara goma ba motsa jiki ya kiyaye.

A 1989 ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Legas ana karawa da Angola, bai tashi ba. Nwankwo Kanu kuwa gwajin likitocin Inter Milan ne ya gano ciwon zuciyarsa a 1996, aka yi masa tiyata a Amurka, ya ci gaba da taka leda.

Masu shirya gasar ƙauye, kafin kuɗin kofi da riguna, a kira ma'aikacin lafiya ya tambayi kowane yaro: ka taɓa suma ko jin ciwon ƙirji kana gudu? Akwai matashin da ya mutu farat ɗaya a gidanku? Wanda ya ce e, a kai shi Dutse ko Kano a yi masa awon zuciya kafin ya sake ɗaura takalmi.